Kujerar Ƙetare Rafi

Matata ta rasu a bakin rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da titi, da rana tsaka, cikin marka, a damina ta farko bayan an yanke mana Jihar Jigawa daga Kano. Naƙuda ce ta yi tsawo. Ungozoma ta yi iya abin da ta sani, da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta ce a tafi asibiti a Birnin Kudu. Muka ɗora ta a amalanken shanu. Ƙauyenmu yana bayan Farin Dutse ne a ƙasar Gwaram, hanya ɗaya ce zuwa inda ake samun mota, kuma sai an ƙetare rafi. Da rani yara suna wasa a cikin yashinsa. Ran nan ruwan ya kai ƙirjin namiji. Shanun suka ƙi shiga, ƙafar amalanken ta nutse a taɓo. Aka aiki mutum ya koma gari ya ciro ƙyauren ɗaki don a ɗauke ta a kai. Kafin ya dawo Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta. A kan ƙyauren nan muka mayar da ita gida. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan game da wannan rana.

Ni tela ne. Karatuna bai wuce firamare da allo ba. Ina noma gero da gyaɗa, sauran lokaci ina zaure a kan keken ɗinki. Marigayiya tana da ƙanwa ɗaya, wadda take aure a unguwarmu, gidan ɗan kawuna. Shi taubashina ne, ita kuma ƙanwar mata, don haka su biyun abokan wasana ne. Tun tana yarinya ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai “Tela mai karkataccen ɗinki.” In ta kawo atamfa sai ta ce in auna da ido biyu, kada in rufe ɗaya kamar wancan karon. Bayan rasuwar yayarta wasan ya tsaya. In mun haɗu sai ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ce “Ina wuni, Yaya,” ta wuce. Ba ta yi mini laifin komai ba, amma gaisuwar nan tana yi mini nauyi.

Da rani ya shigo, mai unguwa ya sanar a masallaci cewa za a yi bita a Birnin Kudu don masu son kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Lokacin jiha sabuwa ce, gwamnati ba ta gama zama ba, kowa ya san in muka jira ta kawo mana komai za mu daɗe. Aka ce duk wanda yake da wani aiki a ransa wanda zai amfani jama'a ya je a koya masa yadda ake farawa. Ban yi shawara da kowa ba. Na rufe keke na tafi.

A ajin wata firamare aka yi bitar, lokacin hutun yara. Tsarin shi ne a zo a yi 'yan kwanaki, kowa ya koma garinsu ya gwada abin da ya koya, sannan a sake dawowa a faɗi yadda aka yi. Mai koyar da mu wata dattijuwa ce, gajeruwa, wadda ta yi aikin raya karkara tun ana Kano har ta yi ritaya. Hajiya muke ce mata. Gilashinta ƙafa ɗaya gare shi, ɗaya ɓangaren da zare ta ɗaure a kunne. Tun ranar farko ta sa muka ture bencina gefe muka shimfiɗa tabarmi, ta ce a ƙauye ba a kan benci za mu yi aikin ba, gara mu saba.

Mu da yawa ne, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai wata mata daga Maruta da ke son matan unguwarsu su haɗa rumbu ɗaya na hatsi, a zuba da kaka a ci da bazara. Akwai wani magidanci daga Yalwan Damai mai son buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙofar gidansa. Akwai wani Kirista, baƙo daga wajen Jos, mai gyaran famfon burtsatse, wanda ya gaji da ganin an gyara famfo yau ya lalace gobe, yana son kowace unguwa ta sami mutanenta masu kula da shi. In mun fita sallah shi yake tsare mana takalma da kayanmu, in an kawo abinci a kwano ɗaya muke ci.

Hajiya ta koya mana abubuwa da dama. Yadda ake kiran taro ba tare da an tsallake mai unguwa ba. Yadda ake rubuta dokokin ƙungiya da kalmomin da tsohuwa za ta gane in an karanta mata. Yadda ake zaɓen shugaba, da dalilin da ya sa ba a haɗa wa mutum ɗaya shugabanci da ajiyar kaya. Yadda ake yin rajista a ƙaramar hukuma, da irin haƙurin da ake tafiya da shi. Ta ce mu fara da abin da ke hannunmu, domin aikin gayya iyayenmu sun san shi tun kafin a san wani abu wai shi ofis. Amma abin da ta fi nanatawa shi ne abin da take kira zaman tabarma. Wato kafin ka sari itace ko ka haƙa rami, ka je wurin waɗanda za ka yi wa aikin, ka zauna, ka rufe bakinka, ka ji.

Duk wanda ya tashi ya bayyana aikinsa, tambaya ɗaya take fara yi masa.

“Wa ya ce maka yana so?”

Mai yaƙi da jahilci ya ce, “Hajiya, ai karatu kowa yana so.”

“Kowa ɗan wace unguwa ne? Ka kawo mini shi in gan shi.”

Muka yi dariya, shi ma ya yi.

Da layi ya zo kaina na faɗi abin da ya faru a bakin rafi a taƙaice. Na ce ina son mu haɗa ƙungiyar maza masu ƙarfi, da wani abin ɗauka wanda kullum yana nan a shirye, don in naƙuda ta yi tsawo a ɗauki mace a ƙetare da ita ba tare da an jira shanu ko an tsaya ciro ƙyaure ba. Hajiya ta ce, “Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri.” Sannan ta gyara zaren gilashinta ta yi mini tambayar da take yi wa kowa. Na ji daɗin hakan. Tun rasuwar kowa lallaɓa ni yake yi, ita ce ta fara yi mini magana kamar mai lafiya.

“Wa za a ɗauka, Malam tela?”

“Mata masu naƙuda.”

“To su za ka je ka yi wa zaman tabarma.”

Na koma gida da niyyar yin haka. Amma namiji ba ya shiga gidan wani, kuma mace ba ta zancen cikinta da namiji, ko da ɗan'uwanta ne. Wata ma ko mijinta ba ta faɗa wa, sai dai ya gani. Na rasa ta inda zan fara. Sai na yi abin da ya zo mini da sauƙi, na zauna da mazajensu a ƙofar masallaci bayan la'asar. Babu wanda ya ƙi. Wasu daga cikinsu suna bakin rafi ran nan, sun gani da idonsu. Da muka koma bita Hajiya ta tambaye ni, na ce na zauna da mutanen gari, kowa ya yarda. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, “Kowa ɗin nan dai ya sake zuwa.” Amma akwai mutane da yawa suna jira, aka wuce kan na gaba.

Muka kafa ƙungiya, aka ba ni shugabanci. A garinmu akwai wani tsoho mai aikin gora da gwangwala, shi yake yin gado da ƙyaure da duk abin da ake sarƙawa. Muka je muka ce, “Baba, muna son abu mai tsawon mutum, marar nauyi, wanda ruwa ba ya ɓatawa, wanda mutum huɗu za su ɗauka su yi sauri.” Ya ce ya gane. Ya yi mana abin da hannunsa ya saba yi duk lokacin da aka faɗa masa irin wannan magana. Ni kuma na tuna gadon asibiti, yadda ake shimfiɗa masa farin zane mai tsabta. Na sayo farin alawayyo a kasuwar Gwaram, na ɗinka shimfiɗa da abin rufa saboda ruwan sama. Da aka zo maganar inda za a ajiye, kowa ya ce masallaci, domin ba a kulle shi kuma kowa ya san hanya. Aka jingine shi a bango.

Har yau in na tuna ina mamaki. Ni da nake ɗinka likkafani a garin nan, da hannuna na yanka farin yadin, ban ga komai ba sai gadon asibiti.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, muka ce mu gwada. Da hantsi ne, mutane suna gona ana noman farko. Muka ɗora buhun dawa mai nauyin mutum, muka rufe da farin zanen, muka ɗaga a kafaɗa, ni da ɗan kawuna a gaba, wasu biyu a baya. Muka kama hanyar rafi da sauri. Babu mai magana, kowa yana lura da ƙafarsa. Ba mu yi nisa ba na ji takun mutane a bayanmu. Na waiga, sai na ga manoma sun ajiye fartanya sun biyo mu, suna salati ƙasa-ƙasa. Daga bayan wani danga wata mata ta fashe da kuka. Wani dattijo ya sha gabanmu yana haki ya ce, “Wa muka rasa? Ya aka yi ba a yi sallah ba?”

Ɗan kawuna ya ce, “Buhun dawa ne, Baba. Bai bar wasiyya ba.”

Maza suka yi dariya har wasu suka zauna a kan kunyar gona. Ni ma na fara, sai idona ya faɗa kan ƙanwar matata. Tana dawowa daga kai abinci gona, ga cikinta ya fito, ta tsaya a gefen hanya. Ta sauke ƙwaryar da ke kanta a hankali, ta zauna a ƙasa, ta kau da kai. Ta wannan hanyar muka dawo da yayarta. A lokacin ne na dubi abin da ke kafaɗata na gan shi yadda yake. Makara ce.

Washegari surukata, wadda muke kira Inna, ta aiko in je. Na cire takalmi na tsuguna a zaure, ita tana daga ciki kusa da ƙofa, 'yarta tana bayanta. Inna ta ce ungozoma ta duba yarinyar, malamar asibitin sha-ka-tafi ma ta duba, dukansu sun ce ƙugunta irin na yayarta ne, kuma haihuwar za ta faɗo ne tsakiyar marka. An ce ta haihu a asibiti. Ba mu da kowa a Birnin Kudu da za a kai ta ta zauna jira, ga aikin gona, kuma ba wanda ya san ranar.

Na ce, “Inna, ai saboda haka muka yi abin nan.”

Ƙanwar matata ce ta amsa, muryarta a kwance.

“Yaya, na san don Allah ka yi. Amma ba zan hau makara da raina ba. In lokacina ne, a bar ni a ɗakina. Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk matan garin nan haka suka ce.”

Na yi sallama na tashi.

A zaman bita na ƙarshe kowa ya kawo labarinsa. Matar Maruta sun gina rumbunsu. Mai gyaran famfo ya sami unguwa biyu da suka karɓa. Da na faɗi nawa, aka yi dariya a wurin buhun dawa, sannan dariyar ta mutu da na kai kan maganar ƙanwar matata. Hajiya ta ce, “Da wa ka yi zaman tabarmar?”

“Da mazajensu.”

Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce wa ajin, “Ku ji wannan, rabin kuskuren nawa ne. Na aiki namiji inda ba zai iya shiga ba, ban tambaye shi ta wace ƙofa zai bi ba. Duk wanda aikinsa ya shafi mutanen da ba zai iya zama da su ba, ya nemi wanda zai zauna a madadinsa.” Sannan ta juyo gare ni. “Yaushe kasuwarku take ci? Ranar akwai mota, ko?”

Ta zo. A bayan a-kori-kura ta zo, tsakanin buhuna, ta sauka a titi, ta tattare zanenta ta ƙetare rafin da ƙafarta, lokacin ruwan bai wuce idon sawu ba. Ta tsaya a tsakiya ta dubi gaɓar nan da waccan. A gari ta gaida mai unguwa, sannan ta shige gidan ungozoma, mata suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni ina waje a gindin bishiyar darbejiya tun hantsi har aka kira la'asar. Ina jin muryoyi, wani lokaci dariya, wani lokaci shiru mai tsawo.

Da ta fito ta sa aka tara 'yan ƙungiya a zaure, ta ce ba ita za ta yi magana ba. Ungozoma ce ta tsaya daga bakin ƙofa ta faɗi abin da matan suka ce. Ba za su kwanta a miƙe ba, zama za su yi, fuskarsu tana kallon inda za a je. Kada a sa farin zane ko ƙyalle ɗaya. Kada a ɗora su a kafaɗa, a riƙe a hannu. Kada a ajiye abin a masallaci, a kawo shi gidanta. Mata za su raka, ba maza zalla ba. Kuma ita ce za ta ce a tafi, don haka kowane magidanci ya ba da izininsa tun yanzu a gaban liman, kada rana ta zo a tsaya neman mutum a gona.

Ɗan kawuna ya ce, “To mu me ya rage mana?”

Ungozoma ta ce, “Ɗauka. Ai ba a rasa jaki a gari.”

Aka sake zaɓe a wurin. Mata suka shiga ƙungiyar, ungozoma ta zama mai ajiyar kaya, shugabanci ya koma hannun wani ƙanen liman wanda gonarsa take kusa da gari. Ni aka bar ni da ɗinki da ɗauka. Na ce na yarda, amma raina ya sosu, kuma Hajiya ta gani. Da nake raka ta titi ta ce, “Ɗana, saboda wadda ta tafi ka fara wannan abu, kuma Allah ya gani. Amma masu rai ne za su hau. In ka riƙe ƙungiyar a matsayin zaman makokinka, ranar da ka gaji za ta mutu. Ka sake ta ta zama tasu.” Na ɗauki jakarta har bakin mota. Sai daga baya maganar ta zauna mini.

Tsoho mai gora ya yi mana kujera, mai jingina da wurin ɗora ƙafa, da sanduna biyu dogaye a gefe, da wurin soka laima. Ya ce da tun farko mun ce masa mai rai za a ɗauka da bai wahalar da kansa ba. Na zazzage buhun ƙyallayen da nake tarawa, na harhaɗa guntayen atamfa masu launi na yi mata riga da matashi. A cikin ƙyallayen na ci karo da guntun kayan sallar marigayiya na ƙarshe. Na ɗinka shi ta ciki, inda ba a gani.

Da aka kai kujerar gidan ungozoma mata suka zo kallo. Ƙanwar matata ta zagaya ta sau ɗaya, ta taɓa sandar, ta ce wa mijinta, ba ni ba, “A ce wa Yaya shi zai fara hawa. A zaga da shi gari kowa ya gani.”

Na hau. Ranar kasuwa, da rana, ni magidanci da gemuna, na zauna a kujera mai ado an buɗe mini laima, aka zaga da ni. Ɗan kawuna yana gaba yana shela, “A ba da hanya, ga amaryar tela, wata tara cif.” Mata suna guɗa daga bayan danga. Masu nama suka ce a sauke ni su auna. Wani ya miƙo mini tsamiya wai masu ciki suna sonta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tun rasuwar ban ji gari ya yi dariya a inda nake ba sai ranar. Da muka zo wucewa ta ƙofar gidansu na hango ta tsaye a zaure. Ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma ce za ta hau ba.

Marka ta zo. Kullum da safe kafin in tafi gona sai na bi ta bakin rafi in ga inda ruwa ya kai. Na daina zuwa gonata mai nisa, na bar ciyawa ta cinye gyaɗar.

Ranar da abin ya zo, an wayi gari da ruwa, yayyafi bai tsaya ba har hantsi. Ungozoma ta aiko cewa naƙudar ƙanwar matata ta daɗe, kuma ba ta son yadda take tafiya. Muka ɗauko kujera muka tsaya a ƙofar gida, mu huɗu, ruwa yana sauka a kanmu. Ba wanda ya fito. Ina jin muryar Inna a ciki tana magana a hankali, tana tsayawa, tana sake farawa. Mijin ya shiga ya fito, ya girgiza kai. Na tsaya ina kallon rigar kujerar tana jiƙewa. Ba ni da ikon shiga, ba ni da abin da zan faɗa wanda ban riga na faɗa ba.

Can sai Inna ta leƙo ta ce, “Ta ce ku shigo da kujerar.”

Mata suka zaunar da ita, aka buɗe laima, muka riƙe sanduna a hannu muka fita. Inna da ungozoma da wasu mata suna gefe, ɗaya tana riƙe da hannunta. Ba wanda ya ajiye fartanya ya biyo mu. Waɗanda muka wuce suka ce, “Allah ya sauke lafiya,” muka ce amin.

Da muka iso rafi, ruwan yana inda yake waccan shekarar. Na san wurin, har kututturen da amalanke ya tsaya kusa da shi yana nan. Muka ajiye kujerar a gaɓa. Kowa ya ga abin da ba mu yi tunaninsa ba ranar da aka yi sharuɗɗa a zaure. In muka riƙe a hannu, ruwa zai shanye ta har wuya. Babu yadda za a ƙetare sai a kafaɗa.

Mijinta ya tsuguna ya faɗa mata. Ta daɗe tana kallon ruwan, gumi da ruwan sama suna gangarowa a fuskarta. Ciwo ya taso, ta damƙe sandar har ya lafa. Sannan ta ce, “Ku ɗaga. Amma duk wanda ya yi shiru ban yafe masa ba.”

Muka ɗaga. Inna ta tsaya a gaɓa, ƙafarta ba za ta iya ba, ungozoma ta kama sandar baya ta shigo tare da mu. Ruwan yana da sanyi, yana ja. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai ɗan kawuna ya ce, “Kai tela, wandon nan da ka ɗinka mini, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ga shi yana harɗe ni.”

Na ce, “Wandon daidai yake. Ƙafafunka ne ba su zo ɗaya ba.”

Na baya ya ce, “Gaskiya ne, tun yana yaro a karkace yake tafiya, kamar kaza ta sha ruwan gishiri.”

Ungozoma ta ce, “Ni na karɓi haihuwarsa, haka ya fito.”

Muka yi ta yi, kowa yana jefa abin da ya zo bakinsa, mai ma'ana da marar ma'ana. Matan da ke gaɓa suna ɗaga murya suna taya mu. Ruwa ya kai ƙirjina. A tsakiya ƙafata ta zame a kan dutse, na durƙusa kaɗan kafin in miƙe. Daga saman kaina na ji muryarta, a shaƙe, amma tata ce.

“Tela, ɓangarenka ya karkace.”

Na ce, “Na ji.” Na gyara kafaɗa. Ruwan sama yana dukan fuskata, babu wanda ya lura da hawayena.

Muka fita ɗaya gaɓar, muka sauke kujerar zuwa hannu, muka kai titi. Allah ya kawo wata motar ɗaukar hatsi, direban ya sauke mutanen gaba ya sa ta. A asibiti aka yi mata tiyata. Yaron bai zo da rai ba. Ita ta rayu. Likita ya ce wa mijinta da an ƙara jinkiri da su biyun za a rasa. Ta yi makonni a can, ta dawo da ƙafarta, lokacin ruwa ya ja baya.

Hajiya ta ji labari ta zo gaisuwa. Ta zauna da Inna a ciki, da ta fito ta tambaye ni wa ya ba da umarnin tafiya ran nan. Na ce ungozoma. Ta tambayi wa yake da makullin ɗakin da kujerar take. Na ce ba ni ba ne. Ta ce, “Madalla.” Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Bayan wasu shekaru mai gyaran famfon nan ya tsaya a zaurena da babur ɗinsa ya gaya mini ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Kujerar ta yi aiki damina da yawa kafin a yi mana kwalbati a rafin. An canja mata riga sau da dama, an canja masu ɗauka, wasu ƙauyuka biyu sun zo sun duba sun yi tasu. Ba duk wadda aka ɗauka ce ta dawo ba, amma da yawa sun dawo da goyo. Abin farko da muka yi kuwa, mai farin zane, ba mu jefar da shi ba. Yana nan a masallaci inda muka jingine shi, yana aikin da ya yi kama da shi.

Ƙanwar matata ta haifi wasu 'ya'yan daga baya, duk a asibiti, ta aurar har ta yi jikoki. Idona ya yi rauni yanzu, sai an zura mini zare a allura. Duk da haka in sallah ta matso ni take kawo wa ɗinkinta, ta ajiye a kan keke, ta tsaya a kaina ta ce in auna da ido biyu.